Abin da Sikelin Arcesio Ya Ce

Ƙarfe tara na dare a Bogota,
ruwa na saukowa daga duwatsu da tsinin allura.
Ni Edelmira na ɗaura igiyar amalanke a ƙirji,
na bi layin masu gidajen bene
kafin motar shara ta riga ni.
Ita haɗiya take yi, ba ta tambaya.
Ni sai na kwance bakin leda
na karanta cikinta kamar wasiƙa.

Gida mai lamba sha bakwai sun yi baƙi jiya:
gwangwani ashirin da uku, kwalabe shida,
da ɓawon lemo wanda ba shi da kasuwa.
Matar nan mai koriyar ƙofa
takan ɗauraye gorar madara kafin ta yar.
Ban san sunanta ba,
ita ma ba ta san ta ƙara mini burodi ba.
Maƙwabcinta kuwa miya yake juyewa a kan kwali,
ya kashe mini kilo biyu da ludayi ɗaya.

Shara ma dangi ce, da mai hali da maras shi.
Tagulla ce attajirar gidan,
sau biyu a shekara nake ganin fuskarta
a cikin hanjin matacciyar fanka.
Gwangwani ba nauyi, sai daraja.
Kwalba ga nauyi ga arha,
ta karya baya, ta biya kuɗin gishiri.
Kwali kuwa ɗan rana ne:
in ya jiƙe, Arcesio ya zabge kashi ɗaya cikin uku,
ya ce shi ba ya sayen ruwan sama.

Da asuba muka yi layi a bakin rumbunsa,
hannaye a hammata, numfashi na hayaƙi.
Ya goge allo da gefen riga,
ya rubuta wa roba sabon farashi,
ƙasa da na makon jiya.
Na ce, me ta yi maka?
Ya ce, mai ne ya faɗi a can ƙetare,
sabuwar roba ta fi tsohuwa sauƙi,
masana'anta ta daina ɗaga waya.
Ni da ban taɓa ganin teku ba,
ga rijiyar wata duniya ta sa hannu a tukunyata.

Jikana Wilmar ya zauna kan buhu
yana lissafi a bayan kwalin sabulu.
Ya cire hayar amalanke,
ya cire facin taya,
ya cire kofin gahawa biyu da muka sha a tsaye,
abin da ya rage bai kai kuɗin takalminsa ba.
Ya ɗago ya ce, Kaka,
duk abin da muka kwashe, rami ne ba a haƙa ba.
Nawa ne kuɗin ramin da ba a haƙa ba?
Na ce, tambayi sikeli.
Sikeli bai san abin da babu ba.

Don haka na ƙi sayar da robar.
Na tattake ta, na cusa ƙarƙashin gado,
buhu huɗu, har da bayan ƙofa.
Mai hatsi na jiran tsada, ni ma na iya jira,
sai dai ɗakin taku biyar ne,
kuma in na juya da dare
jarina na ƙara kamar ƙashi.

Ranar Asabar bokitina ya tsage.
Na shiga kantin Nohemi, na ɗauki shuɗi,
an rubuta a gindinsa daga tsohuwar roba aka yi shi.
Na juya shi, na shinshina,
ko zan gane gorar matar mai koriyar ƙofa.
Kuɗinsa ya kai dare biyu na jan amalanke.
Na ƙirga, na biya.
Ruwa ba ya zama a tafin hannu.